Titin da ba a zuba masa kwalta ba amma ya mulki ƙasan Manhattan shekara 28

A taswirar manyan hanyoyin Amurka akwai wata hanya mai lamba I-78, tana tasowa daga jihar Pennsylvania ta ratsa New Jersey ta nutse ƙarƙashin kogin Hudson ta hanyar Holland Tunnel, tana fitowa tsibirin Manhattan kuma sai ta ƙare, shikenan, ko mil ɗaya bata yi a cikin New York. Ba haka aka tsara ta ba. Yadda aka so shine ta hau sama ta keta tsibirin daga yamma zuwa gabas a kan layin Broome Street, ta rabu biyu, reshe ɗaya ya hau gadar Williamsburg ɗaya kuma ya sauka gadar Manhattan, duk su zuba motoci a Brooklyn. Sunan wannan guntun Lower Manhattan Expressway, a takaice LOMEX. Tsawonsa mil ɗaya ne da ɗan wani abu, amma faɗinsa layi 10 ne, a sama, kan ginshiƙan kankare, kuma kafin ya samu wurin wucewa sai an rushe gidajen iyali kusan 2,000 da wuraren sana'a kusan 800 a unguwannin da yanzu ake kira SoHo da Little Italy da gefen Chinatown da Lower East Side.

An fara maganarsa tun a babban tsarin yankin New York na 1929, hukumar tsara birni ta amince dashi a 1941, magajin gari ya ce ya mutu a 1969, gwamna ya cire shi daga lissafi a 1971. Tsakanin 1941 da 1969 shekara 28 kenan mutane suna kwana suna tashi a ƙarƙashin layin da aka ja a takarda, kuma wannan ne ɓangaren da nake ganin ba a cika ba shi haƙƙinsa ba idan ana ba da labarin, kowa sai ya ruga wurin faɗan Robert Moses, jami'in da ke son gina hanyar, da Jane Jacobs, marubuciyar da ta jagoranci hana ta.

Toh bari dai mu fara da dalilin da yasa aka so hanyar, don gaskiya masu sonta ba mahaukata bane. Holland Tunnel an buɗe shi a 1927, gadar Williamsburg tun 1903, gadar Manhattan 1909. Duk motar da ta fito daga New Jersey zata Brooklyn ko Long Island ta wannan ɓangaren dole ta fito daga ramin ta shiga titunan cikin gari, Canal Street da Broome da Delancey, ta tsaya a danja bayan danja kafin ta kai gada. Kuma yawancinsu manyan motocin kaya ne, sabida New York bata da layin dogo na kaya da ya tsallake tashar ruwanta, layukan dogon sun tsaya ne a gaɓar New Jersey, da sai a loda taragai a kan kwale-kwalen dako a tsallake dasu, da aka koma mota kuma sai komai ya dawo kan titi. Hukumar Port Authority ma da aka kafa a 1921 ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shine ta warware wannan matsalar ta jirgin kaya, bata warware ba. Don haka direban tirela da ya ɓata awa guda yana rarrafe a Canal Street yana da gaskiyarsa, ɗan kasuwan da kayansa ke cikin tirelar ma yana da tasa. Ƙungiyar manyan 'yan kasuwar ƙasan Manhattan da David Rockefeller ya jagoranta tana goyon bayan hanyar, ƙungiyoyin leburorin gini suna so sabida aiki, ƙungiyar masu motoci tana so.

Sai kuma kuɗi. A 1956 shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar manyan hanyoyin tarayya, mil 41,000, kuma gwamnatin tarayya ce zata biya kashi 90 cikin 100 na duk hanyar da ta shiga tsarin. Ku duba fa, aikin da aka ƙiyasta zai ci wajen dala miliyan 100 a farkon shekarun 1960, sai ace maka kashi 10 kawai zai fito daga aljihun jiha. Wane ɗan siyasa ne zai ce a'a? Kuma kuɗin na hanya ne kaɗai a lokacin, ba zaka ce a baka ka gyara jirgin ƙarƙashin ƙasa dashi ba, ko ka karɓa ka yi titi ko ya tafi wata jiha. Wannan sharaɗin shi ya sa birane da yawa a Amurka suka yi ta yanka kansu da kansu a waɗannan shekarun.

Mutumin da ke riƙe da aikin shine Robert Moses. Ba a taɓa zaɓensa a kowace kujera ba, sau ɗaya ya tsaya takarar gwamna a 1934 ya sha kaye mai muni, amma akwai lokacin da yake riƙe da muƙamai 12 a tare, kuma mafi ƙarfinsu itace hukumar Triborough mai karɓar kuɗin wucewa a gadoji, wadda ke da kuɗin shigarta na kanta, bata jiran majalisa ta bata kasafi. Shi ya gina gadoji da wuraren shaƙatawa da bakin ruwa da tituna da yawa da mutanen New York ke mora har yau, wannan ba a ƙwace masa. Amma mutum ne da ko tuƙi bai koya ba, direba ke jansa, kuma shine ya faɗa da bakinsa cewa in kana aiki a birnin da ya cika da gini dole ka sare hanyarka da gatarin mahauta. Mutanen Broome Street basu buƙaci a fassara musu wannan maganar ba, sun ga abun da ya faru a Bronx. Cross Bronx Expressway, wata babbar hanyar Moses da aka fara a 1948, a unguwar East Tremont kaɗai, mil ɗaya tal, an tashi iyali sama da 1,500, matan unguwar ƙarƙashin wata Lillian Edelstein sun kawo wata hanyar daban da zata bi gefen Crotona Park ta taɓa gidaje kaɗan, aka ƙi saurarensu, aka rushe, unguwar kuma bata sake miƙewa yadda take ba.

Yanzu ga maganar layin da aka ja. Tunda aka sa hanya a taswira, ko ba a kawo katafila ba, an riga an yanke wa gidajen hukunci. Mai gida ba zai canza rufi ba don bai san ko baɗi za a rushe ba. Banki ba zai ba da bashi a kan ginin da gwamnati ta ce zata karɓe ba. Mai ƙaramar masana'anta da yake son ƙara injina sai ya tsaya ya yi tunani, in yana da hali ya kwashe ya koma New Jersey, in bashi da hali ya zauna yana lallaɓawa. Haya ta faɗi, benaye suka fara zama kango, gobara ta yawaita har 'yan kwana-kwana suka laƙaba wa wurin suna mai nufin kadada ɗari ta jahannama, sabida benayen cike suke da tsumma da takarda da kwali, kuma an rasa ma'aikatan kashe gobara a can. Daga nan sai masu son hanyar su nuna wurin su ce kun gani, ai unguwar ta lalace, rushe ta ma taimako ne. Wallahi wannan shine abun da ya fi ci min rai a duk lamarin, kai ka hana mutum gyaran gidansa shekara da shekaru sannan ka dawo ka kafa hujja da cewa gidan ya lalace.

Kuma wurin bai mutu ba yadda ake faɗa. Birnin da kansa ya sa wani masanin tsara birane, Chester Rapkin, ya binciki yankin kudu da Houston Street, rahotonsa ya fito a 1963, ya tarar da ɗaruruwan ƙananan kamfanoni suna aiki, ma'aikata sama da 12,000, masu ɗinki, masu haɗa kwali, masu tara tsumma da ragowar yadi suna sayarwa, masu buga takardu, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan baƙaƙen fata ne da 'yan Puerto Rico wanda basu da takardar makaranta mai zurfi, nan ne suke samun abun sawa a baki. Wanda ya wuce a mota yana ganin datti da tireloli sun tare hanya, wanda ya hau benen yana ganin mutane a kan keken ɗinki. Gine-ginen kansu ma ba na banza bane, yawancinsu na tsakiya zuwa ƙarshen ƙarni na 19 ne, fuskarsu ta zubin ƙarfe ce, ana narka ƙarfen a zuba a mazubi a kawo a ɗaure da kusoshi, babu inda aka tara irinsu da yawa a duniya kamar nan. Ginin Haughwout da ke kusurwar Broadway da Broome, na 1857, wanda a cikinsa Elisha Otis ya kafa lif ɗin ɗaukar mutane na farko da ya yi aiki a shago, yana kan layin rushewa.

A 1960 majalisar da ke riƙe da kuɗi da filayen birnin, Board of Estimate, ta amince da hanyar, saura kawai a saki kuɗin karɓe gidaje. Nan ne wani fada na cocin Katolika, Gerard La Mountain, ya shigo. Cocinsa, Most Holy Crucifix, yana kan Broome Street ɗin, za a rushe shi tare da gidajen mabiyansa 'yan asalin Italiya. Shi ba ɗan gwagwarmaya bane, limamin unguwa ne da mutanensa suke zuwa suna tambayarsa ina zamu koma, ya fara tara su, ya ga abun ya fi ƙarfinsa, sai a 1962 ya tafi wurin Jane Jacobs.

Ita Jacobs 'yar jarida ce, an haife ta a Scranton a 1916, bata da digiri, ta yi aiki a wata mujallar gine-gine, tana zaune da mijinta da yara uku a Hudson Street a Greenwich Village. A 1961 ta fitar da littafin da ya caccaki yadda ake tsara biranen Amurka, inda take cewa tsaron unguwa da arzikinta suna fitowa ne daga cakuɗuwar gidaje da shaguna da tsofaffin gini da mutane a bakin titi dare da rana, abun da masu tsarin ke kira hargitsi suna son sharewa. Kuma ta riga ta san faɗan, tana cikin wanda suka hana a ratsa titi ta tsakiyar dandalin Washington Square a ƙarshen shekarun 1950, faɗan da wata uwa mai suna Shirley Hayes ta fara, sannan bata daɗe da gama hana a rushe unguwarta ta West Village ba. A gajiye take, amma ta karɓi shugabancin kwamitin haɗin gwiwa na hana hanyar.

Abun da kwamitin nan ya yi daidai guda biyu ne a ganina. Na farko sun haɗa mutanen da a ranar yau da kullum basa zama inuwa ɗaya, 'yan Italiya, Yahudawan Lower East Side, 'yan China, 'yan Puerto Rico, masu shaguna, malaman jami'a na Village, 'yan Democrat da 'yan Republican, masu ra'ayin riƙau da masu ra'ayin gurguzu, don ɗan siyasa yana iya wofintar da unguwa ɗaya amma in ya duba zaure ya ga duk mazaɓarsa a ciki dole ya sake lissafi. Na biyu kuma sun ƙi shiga ciniki. Ba su ce a matsar da hanyar layi biyu ba, ba su ce a ƙara diyya ba, ba su ce a gina mana gidaje tukuna ba. Sun ce babu hanya, iyakar magana kenan. Mutanen East Tremont sun gwada kawo madadi cikin ladabi kuma kun ga abun da ya same su, da zarar ka fara maganar ina zata bi ka riga ka yarda zata bi. Sai suka ƙara da abun da zai ja 'yan jarida, suka yi jerin gwano kamar na jana'iza a Broome Street, wasu suka zo zama sanye da takunkumin kare hayaƙi don nuna irin iskar da za a shaƙa.

A Disamba 1962 Board of Estimate ta zauna, aka kwashe awanni ana magana, ɗan majalisar jiha mai wakiltar Little Italy, Louis DeSalvio, ya miƙe ya kira Moses tsoho mai taurin kai a bainar jama'a, abun da shekara goma baya ba wanda zai yi ya kwana lafiya a siyasa. Ranar 11 ga watan majalisar ta ƙi sakin kuɗin, baki ɗaya. Mutane suka rungumi juna suna kuka, an ɗauka an gama.

Ba a gama ba. Kuɗi aka hana, amma layin yana nan a taswirar birni, an nemi a goge shi aka ƙi. Kuma tunda yana taswira komai na nan yadda yake, banki ba bashi, mai gida ba gyara. Har ma lokacin da ake haƙa wani sabon layin jirgin ƙarƙashin ƙasa a Chrystie Street a farkon shekarun 1960 an zuba wani ɗan guntun gini a ƙasa don hanyar ta samu wurin bi nan gaba, shine kaɗai abun da aka taɓa ginawa na LOMEX. Magajin gari Robert Wagner, wanda da shi aka ƙi a 1962, leburorin gini da 'yan kasuwa suka matsa masa, a 1965 ya ce a ci gaba da aiki. Su masu son hanya albashi ake biyansu su dawo da fayil ɗin duk shekara, su kuma mutanen unguwa sai sun rufe shago sun nemi mai riƙe musu yara kafin su zo zama, kuma su sau ɗaya kawai zasu faɗi a gama dasu.

John Lindsay ya ci zaɓen magajin gari a ƙarshen 1965 yana sukar hanyar saman, ya hau a 1966 ya ƙwace wa Moses muƙamin kula da manyan titunan birni. Sai kuma shi ma ya dawo da nasa salon, wai a tona rami a binne hanyar, wani wuri a rufe wani wuri a buɗe, a gina gidaje da makarantu a kai. Gidauniyar Ford ta ba wani shahararren mai zanen gini, Paul Rudolph, aikin zana yadda abun zai kasance a 1967, ya zano wasu manyan benaye masu siffar dala jere a kan titin, zanen yana da kyau a takarda matuƙa, har yau ana nuna shi a gidajen tarihi. Amma ramin ma sai an rushe gidaje kafin a tona shi, kuɗin kuma ya ƙaru, sannan binciken da aka yi kan iska a 1968 ya nuna hayaƙin salansa, iskar kabon monoksaid, zai taru a wurin fiye da kima, toh wa zai kai ɗansa makarantar da aka ɗora a kan wannan?

Ranar 10 ga Afrilu 1968, kwana shida bayan kashe Martin Luther King, ƙasar duk a hargitse, hukumar sufuri ta jiha ta kira zaman jin ra'ayin jama'a a makarantar sakandaren Seward Park. Zaman cika sharaɗi ne, doka ta ce sai an yi kafin kuɗi ya fito. An juya makirfon yana kallon jama'a, wato mai magana bayansa ke wajen jami'an da ya kamata su ji shi. Da Jacobs ta karɓi magana ta ce tunda ba saurare ake ba bari mu hau dandamalin mu wuce ta gabansu, mutane suka biyo ta, cikin turereniya takardar na'urar da magatakardiya ke ɗaukar bayani ta warware aka yayyaga ta, Jacobs ta ce tunda babu rubutaccen bayani ai ba a yi zama ba. 'Yan sanda suka kama ta, daga baya aka tuhume ta da tada tarzoma da ingiza jama'a da ɓarnata kaya, laifukan da zasu iya kai mutum gidan yari. Ƙarshe aka sauko zuwa ƙaramin laifin tada hankali, ta amsa, aka ce ta biya ɓarnar. Akwai masu ganin ta wuce gona da iri ranar, ni ban ga haka ba, shekara shida tana bin ƙa'ida, ta ci a majalisa aka sake dawo da abun, kuma zaman da aka sa mai magana ya juya wa jami'ai baya, jami'an ne suka fara raina shi kafin ita.

A cikin 1968 ɗin ta kwashe iyalinta suka koma Toronto a Kanada, babban dalili shine 'ya'yanta maza sun kai shekarun da za a ɗauke su yaƙin Biyetnam. Don haka lokacin da hanyar ta mutu ma bata New York. Wannan yana da muhimmanci, don yadda ake ba da labarin kamar mace ɗaya ce ta kayar da sarki, alhali ita da Moses ko zama a teburi ɗaya basu yi ba, kuma shi a watan Maris 1968 gwamna Nelson Rockefeller ya riga ya haɗiye hukumarsa ta Triborough cikin sabuwar hukumar sufuri ta MTA, aka barshi da sunan mai ba da shawara, yana da shekara 79. Wanda suka ƙarasa faɗan mutanen unguwa ne, da kuma wasu sabbin baƙi da layin nan da kansa ya jawo.

Don arhar hayar da tsoron rushewa ya haifar ita ta kawo masu zane da sassaƙa. Benayen masana'anta ne masu faɗi da tsawon rufi da manyan tagogi, babu mai so, sai suka riƙa shiga suna zama a ɓoye don doka bata yarda a kwana a wurin ba, suna rufe taga da dare kar a ga fitila. George Maciunas ya fara haɗa su suna sayen gini a tare a 1967, Donald Judd ya sayi bene sukutum a Spring Street a 1968. Da suka ga hanyar zata cinye su sai suka kafa tasu ƙungiyar a 1969, kuma su suna da abun da mai ɗinki ɗan Puerto Rico bashi dashi, sun san masu kuɗi, sun san editoci, sun san shugabannin gidajen tarihi. Ga kuma masu kare tsofaffin gini da rushe tashar jirgin Penn Station a 1963 ya farkar dasu har aka yi dokar kare gine-ginen tarihi a 1965. A bazarar 1969 Lindsay yana neman zango na biyu, ya faɗi zaɓen fidda gwani na jam'iyyarsa ta Republican a watan Yuni, ya koma takara a ƙaramar jam'iyyar Liberal, kowace ƙuri'a yana buƙata. A watan Yuli ya fito ya ce LOMEX ta mutu har abada. Gwamna Rockefeller ya cire ta daga tsarin hanyoyin tarayya a 1971, shekarar da a Toronto ma aka soke hanyar Spadina, wadda Jacobs ta shiga faɗanta tana isa.

Ba New York kaɗai bane, San Francisco ta soke yawancin hanyoyinta tun 1959, Boston da New Orleans da Baltimore duk an yi irin wannan rigima, kuma rigingimun ne suka canza doka. Daga 1970 duk babban aikin tarayya sai an rubuta illarsa ga muhalli, aka yi dokar biyan kuɗin ƙaura ga wanda aka tasa, a 1973 kuma aka yarda birni ya mayar da kuɗin hanyar da ya soke zuwa jirgin ƙasa da bas. Da wannan ƙofar ta ƙarshe a buɗe take tun 1956 ina ganin da unguwanni da yawa sun tsira.

Toh me ya biyo baya a Broome Street? A 1971 aka halatta wa masu zane zama a benayen, a 1973 aka ayyana yankin a matsayin wurin tarihi, gini wajen 500, aikin da wata Margot Gayle ta sha wahala a kai. Yanzu tunda tabbas ya samu sai kuɗi ya dawo da gudu. Shagunan sayar da zane suka cika wurin, bayansu gidajen abinci, bayansu manyan kantunan kayan sawa, Prada ta buɗe a 2001, Apple a 2002. Masana'antun da Rapkin ya ƙirga suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu don sana'ar ɗinki dama tana barin New York, wasu don mai gida ya ga zai samu ninkin haya. Masu zanen da basu sayi nasu ba suma haya ta kore su. Little Italy ta ƙanƙance ta koma 'yan layuka a Mulberry Street, Chinatown ce ma ta faɗaɗa bayan dokar shige da fice ta 1965. Yau SoHo na cikin wurare mafi tsada a Amurka. An ceci ginin, wannan babu shakka, kuma ina murna da an cece shi, amma mutanen da fada La Mountain ya fara tarawa da ma'aikatan da ke kan keken ɗinki ba sune suka ci moriyar ba, kura ta sha bugu gardi ya karɓe kuɗi. Kwamitin ya yi shirin hana rushewa, bai yi shirin ranar da unguwar zata yi daraja ba, birnin ma da ya riƙe su shekara 28 cikin zullumi bai ware musu komai ba da ya sake su.

Kuma a daidai bakin gadar Williamsburg, inda reshen hanyar zai sauka, akwai filin da ya nuna abun da zai iya faruwa da an fara rushewa. A 1967 birnin ya tashi iyali wajen 1,800 a kudancin Delancey Street ƙarƙashin wani shirin sabunta unguwa na daban, yawancinsu talakawa 'yan Puerto Rico, aka musu alkawarin zasu dawo sabbin gidaje. Mafi yawan filin ya zauna wurin ajiye motoci sama da shekara 40, sai a 2015 aka fara ginin rukunin gidaje da shaguna mai suna Essex Crossing, lokacin da yawa daga cikin wanda aka tasa sun tsufa ko sun rasu.

Matsalar da aka ce hanyar zata magance kuma tana nan. Canal Street har yau cunkoso ne da hayaƙi da haɗari ga mai tafiya a ƙafa, kuma mutanen Chinatown ne ke shaƙa. Masu cewa da an gina da an huta, ni ban yarda ba, don Moses da kansa ya buɗe gadar Triborough a 1936 ta cika, ya ƙara Bronx-Whitestone a 1939 ta cika, ya ƙara Throgs Neck a 1961, Cross Bronx ɗin da aka rushe East Tremont dominta tana cikin hanyoyin da suka fi cunkoso a ƙasar, layi 10 kuma da zasu zuba a ramin Holland mai layi biyu kowane ɓangare. Wani abun ma da hannu aka ƙara shi, daga 1986 dokar tarayya ta sa ana karɓar kuɗin gadar Verrazzano, mai haɗa Brooklyn da Staten Island, ninki biyu a ɓangare ɗaya kawai, mai shiga Staten Island, sai direbobin tirela daga Brooklyn masu zuwa New Jersey suka gane in suka bi gadar Manhattan suka ratsa Canal Street suka fita ta Holland ba zasu biya ko sisi ba, aka yi shekara 34 a haka kafin a gyara a Disamba 2020. A Janairu 2025 aka fara karɓar kuɗin shiga ƙasan Manhattan daga 60th Street zuwa kudu, dala 9 ga ƙaramar mota a lokacin cunkoso, manyan motoci fiye da haka, kuɗin kuma na gyaran jirgin ƙasa da bas ne. Ramin jirgin kaya na ƙarƙashin tashar ruwa kuwa, wanda shi zai rage tirelolin tun daga tushe, har yanzu nazarinsa ake yi.